Tsinke Uku da Rijiyar Kakanku

Kun tashi kuna jin ana cewa uwarku ce ta rufe rijiyar kakanku. Wasu sun faɗa muku da dariya, wasu sun faɗa da sauran ɗaci a baki, kuma na san ke Balkisu kin taɓa yin faɗa a lakkwal, wato makaranta, a kan maganar nan alhali ba ki san ko gaskiya kike karewa ba. Yanzu da na ajiye aiki, na ga ya kamata ku ji labarin daga bakina, tun daga tushensa. Abin da zan fara gaya muku shi ne, a duk shekarun da na yi ina aiki babu wadda ta kai waccan daɗi a wurina. Akwai zafi a cikinta, zan kuma faɗe shi, amma har yau in na tuna ta sai in ji jikina ya yi sauƙi kamar in tashi in sa farar rigata in fita.

A lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibitin Madarumfa, wanda kowa ke kira labo. Ɗaki ɗaya ne mai taga biyu, da firigo na sanyaya kaya da ke aiki in kuran, wato wutar lantarki, ya ga dama. Aikina na kullum jini ne da fitsari da majina, kuma ina son sa. Damina ce kawai take ci mini rai. Da ruwa ya zauna, gulbi ya kawo, tabki ya tumbatsa ya shiga lambuna, sai mu fara kasa kunne mu ji ta wace unguwa amai da zawo za su ɓullo. In aka zargi wata rijiya, sai in ɗebi ruwanta a kwalba, in sa a gilasiya, akwatin riƙe sanyi, da ƙanƙara, a ba mota ta kai Maraɗi, daga can a nemi mai zuwa Yamai. A Yamai ne ake da kayan da za a shuka ƙwayar kwalara a faranti, a raine ta har ta nuna kanta. Kafin amsa ta dawo, sau da yawa an riga an yi jana'iza, masu zaman makoki ma sun watse. Na sha karɓar amsa in rasa wanda zan gaya wa, don ba ta da sauran amfani ga kowa.

A farkon daminar da nake ba ku labari, wata mota ta tsaya a ƙofar labo, wata doguwar mace ta fito tana miƙa saboda nisan hanya. Lokotoro Mariyama ke nan, likita daga Yamai, wadda ta yi karatun ƙwayoyin cuta. Bayan mun gaisa ta sa aka sauke kwalaye uku a kan teburina, ta yaga ɗaya, ta zaro wani ɗan siririn abu da bai kai tsinken tsire tsawo ba.

"Madam Zainabu, kin san tsinken gwajin masassara," in ji ta. "To wannan ɗan'uwansa ne, amma shi kwalara yake nema. Layi ɗaya, babu. Layi biyu, akwai. Kafin ki gama shan shayi ya ba ki amsa."

Na ce, "A nan ɗakin? Ba sai an je Yamai ba?"

"Haka masu yin sa suka ce. Kamfani uku ne, kowa ya rantse nasa ya fi. Mu kuwa ba mu yarda da kowa ba sai mun gani da idonmu. Don kashin majinyaci aka yi su. Abin da muke son sani shi ne ko za su iya da ruwan rijiya da na tabki, cikin zafinmu da lakarmu. Abin da ya kawo ni ke nan, kuma ke nake so ki riƙe aikin."

Ran nan ban san yadda na iso gida ba. Na tarar da babanku, Malam Isuhu, ya dawo daga lambu yana wanke ƙafa, na fara zuba masa labari tun ban cire mayafi ba. Ya yi ta kallona yana murmushi, har tuwo ya huce a gabanmu. Da na tsagaita ya ce, tun da ya aure ni bai taɓa ganin na manta da abinci ba sai yau, don haka shi ma yana son ya ga tsinken nan da ya yi masa kishiya. Na ce ya jira, zai gan shi.

Sunayen kamfanonin sun yi mana tsawo, sai muka raɗa musu namu bisa launin kansu: Ja, Fari da Shuɗi. Lokotoro Mariyama ta zo da wasu 'yan kwalabe daga Yamai, waɗansu da ƙwayar cutar a ciki, waɗansu ruwa ne zalla, kuma ita kaɗai ta san wace ce wace. Ta ce in na sani, idona zai ga abin da zuciyata take so. Sai in tsoma, in jira, in faɗi abin da na gani, ita kuma ta yi shiru kamar ba ta ji ba. A waɗannan kwalaben dukansu ukun sun yi abin kirki, har na fara jin kaina a sama. Da muka koma kan ruwa na ainihi kuwa, sai labari ya sha bamban. Muka ɗebo ruwan tabki, Lokotoro ta ɗiga masa ƙwayar da hannunta ina kallo, muka tsoma tsinkayen, duka ukun suka ce babu. Muka sake, suka sake cewa babu. Na zauna a kujera na yi tagumi.

"Kada ki yi fushi da su," in ji ta. "Cikin majinyaci ƙwayar tana da yawa kamar gero a rumbu. Cikin rijiya kuwa kamar ki watsa ɗan gero ne a filin idi ki ce kaza ta nemo. Sai mun tara mata shi wuri ɗaya."

Yadda muka tara shi ke nan: mu tace ruwa mai yawa ta cikin tsumma mai tsabta, mu ɗauki tsumman mu jefa cikin wani ruwa mai kama da romo wanda ƙwayar kwalara ke so, mu bar shi ya yi ɗumi daga safe zuwa la'asar don ta hayayyafa, sannan mu tsoma tsinke. Na'urar ɗumamawar da muke da ita kuran take ci, kuran kuwa kun san halinsa da damina. Muka yi ta tararrabi, har Lokotoro ta rataya ma'aunin zafi a bango ta duba, ta fashe da dariya. Ɗakin namu da kansa ya kusa kai zafin jikin mutum. Muka jera kwalaben a kan kanta muka rufe ƙofa.

Da la'asar na sa safar hannu, na tsoma Ja cikin romon da muka san akwai cuta a ciki. Na ga ruwan yana hawa a hankali. Layi na farko ya fito. Na ƙura ido har hawaye suka taru mini. Sai ga wani abu kamar inuwa a ƙasansa, inuwar ta yi ta kauri, ta yi ta kauri, ta zama layi sosai wanda ko daga ƙofa za a hango. Ban san lokacin da na kama hannun Lokotoro Mariyama ba, babbar mace daga Yamai, na ja ta muka zagaya tebur muna rawa da safar hannu a hannu. Majo, shugaban masu jinya, ya leƙo ya ga abin da muke yi, ya ja ƙofa ya koma. Ku da kuka san ni da ɗaure fuska a wurin aiki, ga uwarku nan.

Daga nan sai yawo. Muka shiga garin Sarkin Yamma muka bi rijiyoyi, muka je garin Ɗan Isa muka ɗebi ruwan randunan tasha inda direbobi ke sha, muka hau jirgin masunta muka shiga tsakiyar tabki ina riƙe da gefe ina salati, Lokotoro tana yi mini dariya. Kowane ruwa muka ɗeba sai mu raba shi biyu, rabi namu, rabi ya tafi Yamai a shuka shi. In amsar Yamai ta dawo sai mu gwama da tamu mu ga wanda ya yi gaskiya. Muka bar wasu tsinkayen cikin mota a rana da gangan, wasu a firigo, don mu ga abin da zafi ke yi musu. Sannu a hankali na san halinsu kamar yadda na san naku. Ja mai saurin baki ne. Bai cika barin cuta ta wuce shi ba, amma in ruwa ya yi laka da yawa yakan ɗora wa mai tsabta laifi. Shuɗi kuwa bai taɓa yi wa ruwan kirki ƙazafi ba, sai dai ya sha yin shiru a kan ruwan da Yamai ta ce da cuta. Fari yana tsakiya, ba ya gaggawa, layinsa siriri ne sai an kai shi bakin taga, kuma in ya sha rana ya lalace. Akwai doka ɗaya da Lokotoro ta kafa tun ranar farko. Tsinkayen nan jarrabawa suke yi, ba su ci ba tukuna, don haka ba a rufe rijiyar kowa da maganarsu. Maganar Yamai ce magana.

Yanzu bari in gaya muku yadda rijiyar kakanku take, don kuna ƙanana a lokacin, tudun ƙasa kawai kuka sani. Baba Alhaji Garba, mahaifin babanku, ya gina ta a ƙofar gida shekarar da mahaifiyarsa ta rasu, ya ce sadaka ce ladan ya je mata. Ruwanta garai-garai ne, da sanyi, ba gartsi. Unguwa duka nan take sha, har waɗanda ke da famfo kusa da su sukan aiko a ɗebar musu na sha. Shi da kansa yake ɗinke guga, shi yake sake igiya, kuma in ya idar da sallar asuba sai ya zauna a dakali yana amsa gaisuwar masu ɗiba. A wannan damina kuma gidan yana cikin wani farin ciki. Gwaggonku Hadiza, ƙanwar babanku, wadda ta daɗe da aure ba haihuwa, Allah ya ba ta ɗa namiji, ta zo gida wanka. Baba ya ce wannan suna sai an ji shi har Katsina. Aka aika wa dangi na kusa da na nesa, aka jiƙa gero, aka tanadi zoɓo da tsamiya, aka jera randuna sababbi, duk da ruwan rijiyar nan za a cika su.

Ana cikin wannan shiri aka kawo mana mutum biyu asibiti a rana ɗaya, wata tsohuwa da wani mai shayi, idanunsu sun faɗa, jikinsu ya bushe. Da na tambayi unguwar da suka fito, sai na ji tamu ce. Washegari da safe na bi rijiyoyin unguwar ɗaya bayan ɗaya da kwalabena. Da na zo ta ƙofar gida, Baba yana dakali. Na durƙusa na gaishe shi daga nesa kamar yadda na saba, na ɗebi ruwan. Ya ce da wanda ke kusa da shi, cikin raha, a gaya wa ɗiyarsa, wato ni, ta ɗeba da yawa ta kai wa mutanen Yamai su san abin da ake kira ruwa.

Da la'asar muka tsoma. Sauran rijiyoyin duk layi ɗaya. Da muka zo kan tamu, Ja bai ko jira ba, ya fito da layi biyu masu kauri. Na kai Fari bakin taga, na juya shi, na ga siririn layi na biyu kamar gashi. Shuɗi ya ce babu. Muka sake da sababbin tsinkaye, abin bai sauya ba. Lokotoro Mariyama ba ta san ko ta wace ce ba, lamba kawai take gani a jikin kwalba, amma ta ga fuskata.

Na ce, "Ta gidanmu ce. Kuma suna ya gabato, kafin amsar Yamai ta iso an sha an watse."

Ta sake duba tsinkayen.

"Ba zan iya sa hannu a rufe rijiya da wannan ba," in ji ta. "In na yi, na karya aikin da kaina, kuma ba ni da hujjar da zan kai gaban hukuma. Zan buga wa Yamai su gaggauta. Amma ni ban ga dokar da ta hana mace ta gaya wa mutanen gidansu abin da idonta ya gani ba. Sai dai ki faɗa musu duka, har da wanda ya ce babu."

Na tarar da babanku a lambu yana gyaran kwarin tumatir. Da na gaya masa, ya ajiye fartanya ya zauna a kan kunya. Ya ce shi zai je ya faɗa wa Baba, don bai dace suruka ta tunkari surukinta da magana irin wannan ba. Na ce na sani, amma Baba zai yi tambaya, kuma shi ba zai iya amsawa ba. Ya dube ni ya ce, to mu je tare, zai tsaya a bayana.

Ku sani, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa haɗa ido da kakanku ba, ban taɓa yi masa maganar da ta wuce gaisuwa ba. Ran nan na cire takalmi, na durƙusa a bakin tabarmarsa a rumfa, na shimfiɗa tsinkaye ukun cikin leda a gabansa. Inna, kakarku, ta fito daga madafa da muciya a hannu ta tsaya. Gwaggonku Hadiza ta ɗaga labulen ɗaki. Na yi bayani. Bai katse ni ba har na gama.

"Ɗiyata," in ji shi, "kina nuhin rijiyar da na gina don uwata ita ce ke kashe mutane?"

Na ce, "Baba, ban ce ku kun yi wani abu ba. Ruwan bana ya yi yawa, ƙasa ta jiƙe, ƙazanta tana bi ta ƙarƙashi ta shiga inda ba a zata ba."

"Su ukun nan duka sunka ce haka?"

"A'a, Baba. Biyu sun ce akwai, ɗaya ya ce babu."

Inna ta ce, "To ai shi ke nan, ga mai gaskiya nan ya ce babu."

Baba ya ɗaga mata hannu. Shi mutum ne da ya daɗe yana zama wurin sulhu a unguwa, ya san yadda ake sauraron shaidu. Ya sa yatsa ya nuna Ja.

"Wanga ya taɓa yin ƙarya?"

Na ce ya taɓa. Ya sha ɗora wa ruwa mai kyau laifi in da laka a ciki, amma ruwanmu ba shi da laka.

"Wanga hwa, da ya ce babu?"

Na ce shi bai taɓa ƙazafi ba, amma ya sha ganin cuta ya yi shiru.

"Na tsakiya?"

Na ce shi bai cika magana ba, in kuwa ya yi, ban taɓa kama shi da ƙarya ba, sai dai ban daɗe da saninsa ba.

"Ke nan ba ki da tabbas."

"Ba ni da shi, Baba. Tabbas yana Yamai, kuma ba zai iso ba sai bayan suna. Abin da na sani shi ne ni ba zan ba 'ya'yana ruwan nan ba yau."

Hadiza ta saki labule, na ji kukanta daga ciki. Baba ya sake duban tsinkayen. Sannan ya miƙe, bai dube ni ba, ya fita ƙofar gida. Muka bi shi daga nesa. Akwai mata a bakin rijiya da bokitansu. Ya karɓi igiya daga hannun wadda ke ja, ya jawo gugan da kansa, ya zubar da ruwan a ƙasa, ya naɗe igiyar a kafaɗarsa. Ya sa babanku ya ciro tsohon kyauren zaure suka ɗora a bakin rijiyar, suka danne da duwatsu. Ya ce da matan su yi haƙuri su tafi famfo, kuma duk wadda ta ɗebi ruwan nan yau ta tafasa shi ko ta zubar. Don haka in an ce muku ni na rufe ta, ku ce a'a. Ni na kawo magana, shi ya rufe da hannunsa, kuma ban taɓa ganin abin da ya fi wannan girma ba.

Amma an biya kuɗin abin, ba da dala ba. Labari ya bazu cewa kwalara ta shiga gidan Alhaji Garba. Ranar suna, 'yan garuwa suka yi ta jigila daga famfo, ni da Majo muka ɗiga jabel, maganin kashe ƙwayar cuta, a kowace randa, aka dafa abinci kamar yadda aka shirya, amma rabin waɗanda aka gayyata ba su zo ba. Waɗanda suka zo ma wasu sun ƙi taɓa kunu. Muka yi ta rabon tuwo gida-gida ana karɓa da ɗari-ɗari. Hadiza ta jira wannan rana shekara da shekaru, ta same ta a haka. Ta daina yi mini magana, ita da muke wasa da dariya tun ina amarya, kuma sai da ɗanta ya fara tafiya sannan ta sake kiran sunana. Ban ga laifinta ba. Inna takan amsa gaisuwata a taƙaice. A bakin famfo mata suna cewa matar Isuhu ta sayar da mutuncin gidan mijinta don ta burge mutanen Yamai. Baba kuwa ya daina zama a dakali da safe.

Duk da haka, in na ce muku na yi kwanakin nan cikin baƙin ciki kawai, na yi ƙarya. Kullum da safe ina isa asibiti sai in wuce ɗakin masu zawo in tambayi Majo ko an kawo wani daga unguwarmu. An ƙara kawo waɗanda suka riga suka sha ruwan kafin a rufe, aka yi musu ƙarin ruwa suka tashi. Daga nan sai shiru. Kowace safiya Majo ya girgiza kai ya ce babu, ni kuma in shige labo zuciyata tana tsalle. A shekarun baya in abin nan ya kama unguwa sai ya bi ta gida-gida. Ga shi bana ya tsaya, muna kallo.

Amsar Yamai ta zo bayan suna, ta talho. Lokotoro Mariyama ta saurara, ta ajiye, ta ce akwai ta, kuma irin mai kisa ce. Na rasa ko murna zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun. Ma'aikatan tsabta suka zo suka zuba magani a rijiyar, suka kwashe ruwan, suka sake zubawa. Da muka sake gwadawa bayan wani lokaci, cutar ta dawo. Da aka bincika sai aka gano wata tsohuwar salga a bayan katangar maƙwabta, wadda aka daina amfani da ita aka sake buɗewa, ƙasa ta tsage tsakaninta da rijiyar. Ba gyara. Bayan girbi aka cike ta da ƙasa. Baba bai fito ba ran nan.

Aikinmu kuma ya kai ƙarshe tare da damina. Muka zauna ni da Lokotoro muka tattara abin da muka gani. Shuɗi bai ci jarrabawa ba, don mai gadin da ke ganin ɓarawo ya yi shiru ba shi da amfani. Ja ya ci, da sharaɗin a tace ruwa sosai kuma a nemi shaida ta biyu. Fari ya ci, da sharaɗin kada ya sha rana. Kuma babu wanda za a tsoma kai tsaye cikin ruwa, sai an bi ta romo. Ta sa sunana kusa da nata a kan aikin. Damina ta gaba aka fara ba mu izinin rufe rijiya na ɗan lokaci da maganar tsinke biyu, kafin Yamai ta tabbatar. Na koya wa ma'aikata da yawa yadda ake yi, daga nan har bakin iyaka, kuma kowane na koya wa sai na gaya masa inda kowane tsinke yake ƙarya kafin in gaya masa inda yake gaskiya.

Wata safiya cikin sanyi, ina goge tebur, sai Majo ya leƙo ya ce ina da baƙo. Na fito na ga kakanku tsaye da sandarsa da babbar riga, shi da bai taɓa taka asibiti ba sai da ciwo. Na durƙusa. Ya ce in tashi, nan wurin aikina ne.

"An ce kuna da madubin da ke nuna abin da ido bai gani," in ji shi. "Ina son in ga wanda ya raba ni da rijiyata."

Allah ya sa akwai wani romo da muka ajiye na ruwan wani ƙauye, wanda ya nuna layi biyu. Na sa safar hannu, na ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, na rufe, na daidaita madubin. Na nuna masa inda zai sa ido, na ce kada ya taɓa komai. Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya sunkuya. Da farko ya ce shi haske kawai yake gani. Na murɗa kaɗan. Sai na ga kafaɗarsa ta motsa.

"Suna gudu," in ji shi a hankali. "Kamar 'yan kihi cikin tabki in anka jefa dutse. Duk cikin ɗigon nan?"

Na ce duk ciki.

Ya ɗago, ya yi tasbihi, ya dube ni ido cikin ido, karo na farko tun da na shigo gidansa. Na zaci zai yi maganar rijiya, ko ta suna. Bai yi ba. Ya juya wajen ƙofa ya ce da Majo ya fita ya kira masa Liman, yana nan waje a kan benci, tare suka zo amma ya ji tsoron shigowa. Sannan ya miƙo mini hularsa in riƙe masa.

"Ɗan matsa, ɗiyata," ya ce, "in ƙara gani kahin shi iso."

Allah ya jiƙan Baba Alhaji Garba, ya kai ladan kowane guga ga mahaifiyarsa, har da na ƙarshen da ya zubar a ƙasa.